Ina Baƙo Zai Fake a Kano In Ruwa Ya Tsuge?

A Achilafiya ba ma fushi da ruwan sama. Ko ya tsare mutum a hanyar gona, ko ya watsa kasuwa tun ba a yi cinikin kirki ba, abin da za ka ji a bakin jama'a shi ne, "Ruwa ya yi gyara." Kowa ya san gero da dawa da gyaɗa da riɗin da ke bayan gari da shi suke rayuwa, mu kuma da su muke rayuwa. Haka abin yake a Karkarna da Roni da Gwiwa, haka yake har Ɓaɓura. Tun muna yara kuma mun san inda ake nufa idan hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa kan itatuwa, awaki suka sheƙo gida da gudu: zaure mafi kusa. Ba a tsayawa tambayar na wane ne. Ka yi sallama, ka kakkaɓe hularka, a matsa maka a bakin tabarma, shi ke nan ka zama ɗan gida har ruwa ya ɗauke.

Zauren kakanmu nake tunawa, zauren ƙasa mai rufin azara, wanda duk shekara sai an hau an yi masa yaɓe kafin ruwan fari. A ranar mamako, irin ruwan markar nan da yake kamawa tun hantsi ya ƙi saki har la'asar, zauren yakan cika maƙil. Tsohon yana zaune ya miƙe ƙafa ɗaya, ya maƙale bakin igiyar rama a babban yatsansa yana tufka. A lungu dattawa biyu sun tona gurabun dara a ƙasa, ɗaya da 'yan kara ɗaya da tsakuwa, 'yan kallo sun fi masu wasan ɗaukar zafi. Wani yana ɗinkin hula, wani yana sassaƙar ƙotar fartanya. Indararo yana kwarara a bakin ƙofa, mu kuma an hana mu shiga ruwa, sai mu kewaye kaskon garwashi muna gadin masarar da ake gasawa. Cikin gida mata suna kitso da saƙar faifai, 'yan mata suna carafke. A irin waɗannan ranaku na fara jin labarin Ɗantunku da yaƙe-yaƙensa, na ji sunayen yunwar da aka yi kafin a haife ni, na ji yadda ake raba gado da yadda ake sasanta rigimar iyakar gona. Ba wanda ya ce mana karatu ake yi. Ruwa ne ya ɗaure kowa wuri guda, manya suka yi magana, yara suka kasa kunne.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne zuwan da na yi Kano a watan Agustan bara tare da ɗan yayana, yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka ba su dogon hutu, wanda bai taɓa wuce Kazaure ba. Muka yi sammako, muka bi ta Dambatta, muka shiga ta Dawanau gari garau. Ko rabin sayayyar da ta kawo ni ban yi ba sama ta yi baƙi ƙirin, kafin ka ce kwabo ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Masu Adaidaita Sahu suka saki labule. Wanda ya tsaya ya ninka kuɗi, mafi yawa ma ba su tsaya ba. Muka ruga ƙarƙashin rumfar wani kanti, muka tarar mutum fiye da goma sun riga mu, har da mai tura baro, da almajirai biyu sun kifa robobinsu a ka, da wata mata goye da jariri ta lulluɓe shi da gefen hijabinta. Ba mu yi minti biyar ba yaron kantin ya leƙo ya ce, "Baba, don Allah ku ɗan matsa, kun tare mana ƙofa." Da ladabi ya faɗa, kuma aikinsa yake yi. Sai dai wurin matsawar da ya rage guda ɗaya ne, cikin ruwa. Matar nan ta muskuta, feshi yana dukan bayan jaririn. Ɗan yayana ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Baffa, su a nan ba su da zaure ne?"

Tambayar ta tsaya mini a rai. Kano fa ake magana, tumbin giwa, garin da duk ɗan ƙasar Hausa yake ji kamar yana da kaso a cikinsa. Gaskiya a tsofaffin unguwannin cikin ganuwa har yanzu akwai zauruka da soraye, amma da yawansu an fasa musu ƙofa ta titi sun koma shaguna, sababbin unguwanni kuwa doguwar katanga ce da get na ƙarfe. Kano gari ne da aka tsara don rana. Wata bakwai ko fiye sai a yi babu ɗigon ruwa, mafi yawan ruwan shekara a Yuli da Agusta yake zuba, saboda haka duk rayuwar birnin a waje take: majalisa a bakin titi, teburin mai shayi, mai tsire, kasuwar dare, benci a gindin dalbejiya. Da ruwa ya sauko sai komai ya tsaya cak. Ka je ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa ko ta Dangi a irin wannan lokaci ka ga yadda masu babura da masu tafiya a ƙasa suke cunkushe, kowa ya naɗe hannu a ƙirji yana duban sama, wani awa ɗaya, wani awa uku. Wannan lokaci ne mai yawa da ake zubarwa a tsaye.

Ra'ayina shi ne Kano tana da zauruka, manya ma kuwa, waɗanda aka gina ko ake riƙe da su da kuɗin jama'a. Sunansu ne ya sauya, mu kuma ba mu saba ɗaukar su a matsayin namu ba.

Da ruwan ranar ya sassauta ya koma yayyafi, sai na ce sayayya ta jira. Muka sami ɗan sahu ya kai mu Gidan Makama, daura da fadar Sarki. An gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463 ya yi mulki har 1499. Shi ne ya gina Gidan Rumfa da sarakunan Kano suke ciki har yau, a zamaninsa ne kuma aka kafa kasuwar Kurmi. Yanzu gidan yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuɗin shigarsa kuma bai taka kara ya karya ba. Muna shiga abin da na fara lura da shi shi ne shiru. A ƙarƙashin kwano ruwa yakan hana mutum jin maganar na kusa da shi. A nan kuwa kaurin bango da rufin ƙasa sun shanye ƙarar, sai wani ɗan sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yaron ya ɗaga kai yana bin bakan gizon rufin da ido, yadda magina suka lanƙwaso shi daga bango zuwa bango ba ƙarfe ba siminti. Ya ce irin na zauren kaka ne, sai dai wannan ya fi girma.

A gaban wani tsohon ƙyauren ƙofar gari ya fi daɗewa. Ƙyaure ne da aka lulluɓe da faifayen ƙarfe, maƙera suka bubbuga masa ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, tsatsa ta ci shi amma yana nan. Ya tambaya mutum nawa ne suke tura shi, aka ce masa da magariba ake rufewa, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Daga nan muka ga sulke da lifidi, muka ga tsofaffin hotunan sarakuna da na birnin, muka leƙa ɗakin amarya irin na da, da jerensa. Tsakanin wannan ɗaki da wancan akwai tsakar gida, sai mu ɗan ruga mu tsallake yayyafi. Mai yi wa baƙi bayani ya kawo labarin basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ya kawo shigowar Turawa a 1903. Da ya ambaci Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, sai na taɓa kafaɗar yaron na ce masa wannan shi ne wanda ya yi ta gwabzawa da Ɗantunkunmu, wanda gidansa ke sarautar Kazaure har yau. Ya ware ido. Ya zo Kano yana ganin kansa baƙo ɗan ƙauye, sai ga sunan da ya saba ji a zauren gida yana da gurbi a labarin babban birni. Mun yi kusan awa biyu a ciki. Baƙin da muka haɗu da su ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali can bakin titi ɗaruruwan mutane suna tsaye a jiƙe suna jiran ruwa ya ɗauke. Laifin wannan namu ne, mu iyaye da malamai da ba mu taɓa nuna wa yaranmu hanyar wurin ba.

Ba Gidan Makama kaɗai ba ne. A Nassarawa akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen nan haifaffen Suwizalan da ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko ta gwamnati a nan Nassarawa a 1909. Saboda iya Hausarsa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Ginin ƙasa ne mai zane a bango, yau kuma hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano ce take amfani da shi. Duk ɗan makarantar da ya taɓa riƙe alli ko biro a Arewa ya kamata ya ga ɗakunan da abin ya faro, ya yi tambaya a kan me aka kawo mana da me aka karɓe mana.

Sai Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Malam ya rasu a watan Afrilun 1983, a nan kuma kabarinsa yake. Mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa mun taso mun iske iyayenmu suna ba da labarin NEPU da aka kafa a 1950, da PRP da ta biyo baya, da irin ɗauri da bulalar da talakawa suka sha saboda sun ce a'a. Abin da yake girgiza mai ziyara a gidan nan shi ne ƙanƙantar ɗakunan da mutumin ya rayu a ciki. Matashin da ya saba ganin ɗan siyasa da jerin gwanon motoci, idan ya tsaya a wannan ɗaki na minti goma ruwa yana zuba a waje, zai fita da ma'aunin da zai riƙa auna shugabanni da shi. Gani ya kori ji.

Akwai kuma babban ɗakin karatu na Murtala Muhammad a kan titin Ahmadu Bello. A wurina babu wurin da ya dace da ranar mamako kamar ɗakin karatu, domin shi kaɗai ne inda mutum zai zauna yini guda ba wanda zai tambaye shi me zai saya. Kano kuwa ba baƙuwar karatu ba ce. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1990 sun san yadda littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suke yawo daga hannu zuwa hannu, ana hayarsu a shaguna, har ƙauyukanmu suna isowa bango ya yage an liƙe da gam. Amare da 'yan mata da yawa da waɗannan littattafai suka ci damina a ɗaka. Ƙishirwar karatun tana nan, ta koma cikin waya ne kawai. Kuma a lura da wani abu: dogon hutun makarantu yakan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai tsakiyar marka. Yaron ƙauye yana da gona, da an ɗauke ruwa zai bi babansa maimai. Yaron birni fa? Yana ɗaki ɗaya da ƙannensa biyar, an ɗauke wuta tun da hadari ya taso, waje kuma kwata ta cika ta tumbatsa. Wannan yaro shi ɗakin karatu ya kamata ya nema ruwa a jallo, ya tanadar masa kujera da littafin Hausa da wanda zai karanta masa labari.

Na san wani zai ce ai ga manyan kantunan zamani. Haka ne, akwai Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, wanda aka buɗe a 2014, da rufinsa da haskensa da wuraren cin abinci. Mai hali zai kai iyalinsa su wuni ba ɗigon da zai taɓa su, ban kuma ga laifin hakan ba. Amma wuri ne na ciniki, kuma ciniki yana da ranar tashi: Shoprite da ta fi jan jama'a zuwa wurin ta rufe reshenta na Kano a farkon 2024. Ban da haka, magidancin da ya shiga da yara huɗu aljihu ba nauyi zai fito da ɓacin ran da ya fi na jiƙewa. Silima ma ba ta taɓa zama mafakar ruwa ga talakan Kano ba. Tun daga Rex da aka buɗe a 1937 har zuwa su Palace da Plaza da Orion, yawancin tsofaffin gidajen silima fili ne a buɗe, sai dare ya yi ake haska fim, in ruwa ya sauko kallo ya tashi. Gobarar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum fiye da 300, ta ƙara wa mutanen gari ƙyamar wurin. Abin da ya gaje su a unguwanni shi ne gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano da benci da janareta. Gasar Ingila a watan Agusta take farawa, saboda haka ranar Asabar ɗin marka wuraren nan cike suke da samari. Hadari yana yin nauyi hoto ya daskare, a yi ta ihu ana jiran ya dawo. Ba na raina gidan kallo, domin ya tsare matasa da yawa daga yawon banza, kuma shi ne ya fi kusa da aljihunsu. Sai dai dattijo ba ya shiga, mace ba ta shiga, uba ba ya son ganin ƙaramin ɗansa a ciki. Zauren kaka kuwa tsoho da yaro yake haɗawa.

Maganar mata ita ta fi ci mini rai. Namiji in ruwa ya kama shi a Kano yana da masallaci a kowane lungu. Zai yi alwala, ya yi nafila, ya jingina da bango ya ɗauki Alƙur'ani, kuma babu abin da ya fi wannan a yi da lokacin ruwa, lokacin da ake kyautata zaton karɓar addu'a. Amma ƙananan masallatan bakin titi da na kasuwa akasarinsu ba su da sashen mata. Matar da ta fito asibiti da yaro, da wadda ta zo sarin atamfa daga Gwiwa, da yarinyar da aka aika, su ne za ka gani manne da bango, suna jin kunyar kutsawa cikin maza a rumfa. Har yau in na tuna matar nan mai goyo sai in ji nauyi a ƙirjina. A garinmu da tuni wata ta fito ta ja ta cikin gida ta ba ta busasshen zane.

Akwai ƙorafin da na san za a yi mini, kuma ba na wasa da shi. Za a ce mutane suna fama da abin da za su sa a baka, kai kana zancen gidan tarihi. Za a ce ranar ruwa ga mai tura baro da mai talla da lebura ranar asara ce, ba ranar shaƙatawa ba. Gaskiya ne, wanda bai samo na cefane ba ba ƙyauren ganuwa ne a gabansa ba. Amma shi ɗin ne ya fi kowa bukatar rufin da ba a biya. Mai kuɗi yana da mota mai gilashi, yana da falo, yana da janareta. Asarar yinin ta riga ta sami talaka ko ya tsaya a gindin gada ko ya zauna a benci. Bambancin shi ne ko zai koma gida a bushe da mutuncinsa, ko zai koma da mura da zazzaɓin da zai ci masa wasu kwana uku. Kuma kakanninmu da suka gina zaure ba su fi mu wadata ba. Da ƙasa da azara suka yi shi, suka ware ɗaki guda cikin ɗan abin da suke da shi suka ce wannan na baƙo ne.

Wasu garuruwan sun daɗe da gane haka. Babbar kasuwar Istanbul mai rufi an fara gina ta ne bayan 1453, a zamanin Sarki Muhammadu na Biyu, wato kusan sa'ar Kurmi ce. Titunanta a rufe suke, ana ruwa ana ciniki, mai saye da mai yawo duk a bushe. A Ingila, ƙasar da ruwa ba ya yi mata wuya, tun 1850 aka yi dokar da ta ba garuruwa damar buɗe ɗakunan karatu na kyauta, a 2001 kuma aka cire kuɗin shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa. Ba cewa nake mu kwaikwayi kowa ba, domin tunanin namu ne tun asali. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Gidajen tarihi da ɗakunan karatu su ɗauki Yuli da Agusta a matsayin kakarsu: a bar yara su shiga kyauta a lokacin dogon hutu, a buɗe Asabar da Lahadi, a sanar a rediyo kamar yadda ake sanar da wa'azi da wasan ƙwallo. A gayyato tsofaffin magina da marina na Ƙofar Mata da dukawa da masu tatsuniya su zauna da yara, a shimfiɗa tabarma, a tona gurabun dara. Shugabannin kasuwanni irin su Kwari da Sabon Gari da Dawanau, waɗanda suke karɓar kuɗin shago da na sauke kaya, su ware rumfa ɗaya mai benci da sashen mata da makewayi. Attajirin da zai gina masallaci a bakin titi ya ƙara ɗaki guda na mata, ladan ba zai ragu ba. Tashoshin mota da muke sauka mu mutanen Jigawa da Katsina su ma haka.

Sai kuma gargaɗi ga 'yan uwana masu zuwa birni da damina. Ruwan Kano ba irin namu ba ne da yashi yake shanyewa. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, magudanai sun toshe da leda, saboda haka ruwan awa ɗaya yakan mai da titi kogi. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata yadi da atamfa na maƙudan kuɗi, a daminar da ambaliya ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna. Kwatar da ba ta da murfi ba a ganinta in ruwa ya shafe titi, ga wayoyin lantarki, ga tsofaffin katangu da suka sha ruwa. Idan ruwa ya kama ka a wuri mai kyau, zauna. Idan ka ga hadari tun da sauran lokaci, to a nan ne shawarata take: maimakon ka jira ya ritsa da kai a bakin kanti, nufi ɗaya daga cikin gidajen nan tun kafin ya sauko.

Mu ma a gida kada mu saki jiki. Sababbin gidajen bulo da ake yi a Achilafiya da Karkarna da Kazaure na ga sun fara zuwa da get babu zaure, samari kuma in ruwa ya tsare su kowa kansa a kan waya yake. Ina fatan ganin ranar da za a sami ɗaki ko da guda ɗaya ne a Kazaure da aka tara takubba da tambura da tsofaffin takardu da hotunan masarautar, kusa da ɗakin karatu mai littattafan Hausa da na ajami, yadda ɗan Roni ko ɗan Yankwashi ba sai ya je Kano ba kafin ya ga abin da kakanninsa suka bari.

Ranar da muka je Kano dai sai bayan la'asar ruwa ya ɗauke. Muka ƙarasa sayayya a gurguje, muka kamo hanya, gonaki dama da hagu sun sha sun ƙoshi, kwaɗi suna ta kuka a fadamun Dambatta. Bayan kwana uku aka tashi da mamako a Achilafiya. Na shigo zauren yayana na tarar yaron ya tara ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta, ya zana ganuwa a ƙasa da tsinke, ya sa gutsuren kara a matsayin ƙyaure, yana gaya musu cewa da magariba ake rufewa. Wani ƙaraminsu ya tambaye shi, to wanda ruwa ya kama a waje fa? Ya yi shiru, ya juyo ya dube ni. Babansa ya ajiye ƙotar da yake sassaƙa ya ce su matso, shi zai ba su wannan labarin.